Gyambon Iya

A gidanmu na Rawayau ba a fara tatsuniya sai an kwashe tuwo. Da an sallame Magariba, an suɗe akushi, sai mu ja tabarma zuwa bakin murhu inda sauran wutar kara take ci. Mu shida ne jikoki. Ni ce babba a mata, ni ce kuma mai baki, don tun ina ƙarama ba a gaya mini ɗaya in yi shiru sai na rama biyu. Shekarata tara a lokacin, kafin a samu 'yancin kai da 'yan shekaru. Babanmu fataucin hatsi yake yi, yau yana kasuwar Kurfi da jakunansa, jibi yana Dutsin-Ma, saboda haka yawancin yammacin nan daga mu sai Inna, mahaifiyarmu, sai Iya.

Iya ita ce ta haifi babanmu. Ƙaramar mace ce, fara, mai dariyar da take girgiza ta tun daga kafaɗa. Takan zauna a kan kifaffen turmi, ta miƙe ƙafarta ta hagu a kan ɗan kututture, can gefe, don kada wani ya yi tuntuɓe da ita. Kututturen dawa ne ya soke ta a ƙwauri wata kaka, ta raina abin, ya zama gyambo mai faɗin tafin hannuna. Wannan ƙafa ita ce damuwar gidanmu gaba ɗaya, kuma ni ce mai kula da ita.

"Ga wata nan tahe a ƙasa, ba jaki ba doki," haka take buɗewa.

Mu ce, "Ta shigo, Iya, akwai tabarma!"

Wadda na fi tunawa ita ce ta wani mutum da ake ce wa Ni-Kaɗai. Ƙaƙƙarfa ne, ba ya zuwa gayya, ba ya kuma kiran kowa tasa. In ya yi noma ya ce shi kaɗai ya yi, in ya yi ciwo ya warke ya ce ƙarfinsa ne. Wata rana ya ture wata tsohuwa a bakin rijiya. Tsohuwa ba ta zage shi ba, sai ta hura masa iska a fuska. Nan take ya fara ƙanƙancewa, ya koma kamar ɓera, ya koma kamar ƙwayar gero, ya koma abin da ido ba ya gani. Iska ta ɗauke shi ta jefa shi cikin kaushin diddigen ƙanensa.

"To, da ya hwaɗa ciki, mi kuke tsammani ya gani?" Iya za ta tambaya, ta tsaya tana gyara itace don ta ja mana rai.

Gari ya gani. Ɗaki a jikin ɗaki, ɗaki a kan ɗaki, ba iyaka. Kowane ɗaki da bangonsa, da ruwansa, da maigidansa zaune a tsakiya yana ba da umarni. Kuma unguwa-unguwa ne, kowace da sana'arta. Akwai unguwar masu rufi, waɗanda suka jeru kafaɗa da kafaɗa suka tare rana da ƙaya. Akwai masu jan igiya, in sun ja ƙafa ta ɗaga, in sun saki ta sauka. Akwai 'yan aike, sirara dogaye, masu kai labari ga kai kafin a ƙifta ido. Ga wani jan kogi ya ratsa gari, 'yan dako suna bi suna raba abinci ƙofa-ƙofa, fararen dogarai suna biye suna kama duk baƙon da ya shigo da mugun nufi. A bakin kaushin kuwa, inda ganuwa ta tsage, ya tarar da magina suna ta fama. Ba su da tubali. Ɗaki ne yake kumbura ya rabe biyu, biyu su zama huɗu, a haka suke cike gurbin.

Ni-Kaɗai ya ce, "Wa ya sa ku? Wa ke gode maku?" Suka ce, "Mai garin bai ma san da mu ba. Matsa, kana tare mana hanya." Ya kwana bakwai a cikinsu yana tayawa, har aka rufe ganuwa. Da ya dawo girmansa, bai sake cewa "ni" ba har ya mutu.

Iya takan rufe da tafi ɗaya, ta ce, "Ta tashi ta tahi, wanda bai ji ba ya tambayi na kusa da shi." Sai ta nuna ni da tsinke. "Ke ma gari ce, Hanne, uwar tsiwa. In kin tashi masifa, ki tuna akwai masu barci a cikinki."

Mu yi ta dariya. Ƙanena har yakan kara kunnensa a gwiwarsa wai ko zai ji maginan suna hira.

Da gari ya waye kuwa, aikina ne. Wanzamin gidanmu, dattijo mai mutunci wanda ya yi wa babanmu kaciya ya kuma yi wa ƙannena, shi ya duba ƙafar ya faɗi yadda za a yi. Ya ce akwai mugun nama da yake tsirowa a cikin gyambo, ja, mai gudaji-gudaji, in an bar shi ciwo ba zai rufe ba. Kullum safe a kankare shi da ɓawon kara sai jini ya fito, a barbaɗa niƙaƙƙiyar kanwa, a ɗaure. Haka ya gada, haka kowa ya sani a yankinmu. Inna ta gwada sau ɗaya, jiri ya ɗebe ta. Ni na karɓi karan na yi, ko a jikina. Wanzami ya ce yarinyar nan da namiji ce da ya ba ta zabira. Wayyo, irin daɗin da na ji!

Iya ba ta ihu. Takan cusa bakin zanenta a baki, ta kama kafaɗata, hawaye na zuba. In na gama ta ce, "Sannu, wanzamiya." Kashegari in kwance, in ga jan naman nan ya sake ɗagowa, in yi tsaki in ce, "Kai, wannan abu da naci yake!" In sake kankarewa. Ba na fashi, ko da ranar Sallah.

Sau ɗaya na yi fashi, shi ma ba da son raina ba. Gwaggona ta haihu a Dutsin-Ma, Baba ya ɗora ni a jaki ya kai ni in taya ta aiki. Na yi kwana ashirin. Inna, da yake ba ta iya ganin jini, ruwan ɗumi kawai take zuba wa ƙafar ta rufe da wankakken ƙyalle. Ranar da na dawo na tarar da Iya a tsaye tana bakace. A tsaye! Ko ruwa ban sha ba na ce ta zauna in gani.

Ramin ya cika fal da jan nama, ya zo daidai da fata. A gefe-gefe kuma wata farar yana ta zagaye shi, siririya kamar wadda take kwanciya a kan kunu. Ciwon da na bari kamar tafin hannuna ya koma bai fi rabin haka ba. Amma ni ba wannan na gani ba. Mugun nama na gani ya cinye ƙafa. Na tashi na tsaya a tsakar gida ina faɗa, wai kwana ashirin kacal an kasa riƙe mini tsohuwa. Inna ta ce, "Ke Hanne, ni kike ɗaga wa murya?" Na juya na je na ɓare kara.

Iya ta riƙe mini hannu. "Hanne, a bar shi mana ko kwana ukku. Ya daina yi mani zogi. Jiya har barci na yi."

Na ce, "Wayo yake yi maki, Iya. Wanzami ya ce kullum."

"Wanzami ba ƙahwarshi ba ce."

"To in ta ruɓe wa za a ce ya yi sakaci? Ni!"

Ta daɗe tana kallona. Sai ta saki hannuna, ta ɗauki bakin zanenta ta sa a baki. Na kankare shi tas, har da farar yanar nan ta gefe, na zuba kanwa fiye da kullum don in rama kwanakin da aka rasa. A yammacin nan ba a yi tatsuniya ba.

Daga nan ƙafar ba ta sake ɗagowa ba. Ramin ya yi ta zurfi har ana hango ƙashi. Baba ya ce a kai ta wurin masu magani a Dutsin-Ma, ta ce sam, an ce yanke ƙafa suke yi, ita da ƙafarta za ta koma ga Ubangijinta. Da damina ta kama, ƙafar ta kumbura har cinya, zazzaɓi ya rufe ta. Ta rasu kafin gero ya fitar da kai, kusan shekara biyu bayan kututturen ya soke ta. Masu gaisuwa suka yi ta shafa kaina suna cewa ba a taɓa ganin jika irina ba.

Bayan rasuwarta aka mayar da ni wurin gwaggo, a can aka sa ni makarantar boko, na shiga da girmana. Da na gama aka tambayi wa ke son aikin jinya, ni na fara ɗaga hannu. Ai na san kaina, tun ina 'yar tara nake wanke gyambo.

A makarantar koyon jinya, a Katsina, wata safiya malaminmu ya ɓare fatar albasa, ya ɗiga mata ruwa, ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ce mu zo ɗaya bayan ɗaya. Da na kafa ido sai na ce, "La ilaha illallahu!" da ƙarfi, aji ya kwashe da dariya. Ɗakuna ne a jere, kowane da bangonsa, kowane da ɗigo a ciki. Malam ya ce sunansu ƙwayoyin halitta, da su aka gina albasa da akuya da mutum. Ya ce masu aiki iri ɗaya suna haɗuwa wuri guda su zama fata, ko tsoka, ko jijiya, ko ƙashi, kuma ƙwaya ɗaya takan rabe ta zama biyu. Na zauna ina murmushi ni kaɗai. Tsohuwar da ba ta san bihim ba ta riga shi faɗa a bakin murhu. Har yau ban san inda ta samo ba.

Bayan mako biyu ya kai mu ɗakin masu ciwo, ya kwance ƙafar wani manomi. Ciwon ja, mai gudaji-gudaji, da farar yana a gefe. Kafin ya yi magana na ce, "Malam, in kawo abin kankarewa?"

Ya juyo. "Ki kankare me?"

"Mugun naman."

"Subhanallahi! Wannan ai shi ne warakar. Sababbin ƙwayoyi ne da ƙananan hanyoyin jini suke cike ramin daga ƙasa. Wannan farin na gefe kuma sabuwar fata ce take rarrafowa ta rufe. In ya yi tozo ya wuce fata akan ɗan rage shi, amma wannan lafiya lau yake. Ki wanke a hankali da ruwan gishiri, ki rufe, ki ba shi wuri."

Na ce, "In an zuba masa kanwa fa?"

"Ƙone su za ta yi. Wa zai yi haka?"

Na jira har ya gama darasi. Da aka tashi na bi shi har bakin ofis na gaya masa komai, har kwana ashirin ɗin nan. Mutumin kirki ne, ya yi ta lallashina. Ya ce tsufa ma yana hana ciwo rufewa, ya ce wataƙila da wata cutar a jikinta, ya ce rai na Allah ne kuma ni yarinya ce, abin da manya suka sa ni na yi. Duk gaskiya ya faɗa. Amma ni na kwance ƙyallen nan da hannuna, na ga abin da na gani. Na zauna a bayan ɗakin wanki na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke ta.

Da ina ɗauka tatsuniyar Ni-Kaɗai ta masu girman kai ce, irin ƙattin da ba sa zuwa gayya. Ban taɓa sa kaina a ciki ba. Ashe akwai girman kan da yake zuwa da ƙauna, na wanda ya tabbata in ba hannunsa ba babu abin da zai gyaru. Na yi shekaru ina aikin jinya, ɗalibai suna ce mini mai faɗa, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma in marar lafiya ya ce mini, "A bar shi yau," nakan ajiye abin da yake hannuna in saurara, domin shi yake cikin jikin, ba ni ba.

Ban taɓa gaya wa Inna ba har ta bar duniya. Ban iya cewa da ita, ke da kika kasa, ke ce kika kusa warkar da ita. Akwai kuma abin da ban gaya wa malam ba. Ana gobe Iya za ta rasu, da safe, na zo da karana da kanwata kamar kullum. Ba ta iya ɗaga kai, ba ta ma iya sa zanen a baki. Da na gama ɗaurewa sai ta lalubo hannuna, ta kai shi kan ƙirjinta.

Ta ce, "Allah shi yi maki albarka, Hanne. Duk gidan nan ba wanda ya wahala da ƙahwar nan kamar ke."

Na ce amin.