Ranar da Goggo Matiron Ta Gaskata Cikina

Kun san Goggo Matiron, yayar Babanmu, ba ta gaisuwa da baki kaɗai. Kafin ka ce ina kwana, bayan hannunta na kan goshinka. Har angon Yaya Ummi sai da ta taɓa ranar ɗaurin aure.

"Zazzaɓi ne ko tsoro?"

"Duka biyun, Hajiya."

Lokacin da take shugabar nas-nas a wani ƙaramin asibiti wajen Kurfi, duk sabuwar nas sai ta kwanta a gadon marasa lafiya awa guda, an ajiye ruwa inda hannunta ba zai kai ba. Wata ta ce, "Matiron, ni fa da takardata na zo." Goggo ta ce, "To, ce wa takardar ta miƙo miki ruwan."

In kuwa nas ta kira mara lafiya da "mai gado na uku", sai Goggo ta zare ido. "Sunansa Baba Sale, daga Rawayau. Kin tambaye shi abin da ya hana shi cin abinci?" Ashe akuyoyinsa yake tunani. Goggo ta kira ɗansa a waya, aka kara wa akuya wayar, ta yi kuka, tsoho ya ji, ya cinye tuwonsa har da neman ƙari.

Ni kuma kun san halina, duk ranar jarrabawa sai ciwon ciki. Na mutu ya fi sau ɗari. Ranar da na gasken ya zo, ina murƙususu a tsakar gida, Baba ya ce, "Tashi, Sadiya, mun ga wannan fim ɗin." Goggo, da ta riga ta yi ritaya, ta zauna kusa da ni, ta danna gefen dama na cikina ta saki. Na kurma ihu.

"Sani, samo mota," in ji ta. "Da ƙarya take, da tuni ta leƙo ta ga ko muna kallonta."

A Dutsin-Ma likita ya ce afendis ne, saura kaɗan ya fashe. Da na farfaɗo bayan aiki, Baba na bakin ƙofa yana share hawaye da hularsa. Goggo ta sunkuyo kunnena.

"Kin tsira, 'yar nan. Jarrabawar kuma na roƙi malaminki ya ajiye miki."

Na rubuta ta, ina ɗingishi, ina murna.

Allah ya jiƙan Goggo, ya sanyaya makwancinta, ya kula da ita fiye da yadda ta kula da mu. Amin.