Robar Kariya da Tsohon Bakanike

Shekarun da na yi ina aikin lafiya a Birnin Gwari, mashin ne ƙafata. Duk Talata nakan rataya akwatunan magani biyu a gefe da gefen kariyar bayan mashin, in kama hanyar ƙauyukan Kuyello. Tsakanin ƙarfen da ke riƙe akwatunan da jikin mashin akwai wasu ƴan robobi huɗu, kowace ba ta fi murfin kwalba ba. Ban taɓa kula da su ba sai da gargada ta cinye mini ɗaya a wata damina.

Daga ranar ƙarfe ya fara dukan ƙarfe. Na cusa tsumma, ya zame. Na ninka kwali, ruwa ya mayar da shi kunu. Masu kayan mashin suka ce ba a sayar da robar ita kaɗai. A mako na uku na buɗe akwati na tarar kwalaben maganin tari biyu sun fashe, sun jiƙa audugar duka.

Ran nan na tsaya a bakin wani ƙauye don in gyara tsummana. Wani tsoho yana zaune gindin ɗorawa yana tufka igiya. Yanar ido ta rufe masa idanu biyun, fari fat. Ko sallama ban gama ba ya ce, "Likita, ta hagu ce, ta baya. Tun daga gada nake jin ta."

Gadar kuwa da nisa. Na duba, ta hagun ce ta baya.

"Baba, ya aka yi ka sani?"

"Gyaran mashin na yi a Kaduna kafin ido ya tafi. Ta dama ma ta tsage, ba za ta kai kaka ba."

Na durƙusa na leƙa. Ga tsaguwar nan, siririya kamar gashi.

Ya ce in ba shi sifana, ya kira matarsa ta kawo tsohon silifa da ƙusa da garwashi. Da wuƙar da yake yanka igiya ya fitar da da'ira biyu daga dunduniyar silifan, yana auna kaurinsu da babban yatsa. Ya huda su da ƙusa mai zafi. Sannan ya naɗe ƙarfen da robar cikin taya, ya ɗora su, ya ɗaure noti. Duk wannan fuskarsa tana sama, wajen rassan ɗorawa. Ni mai ido biyu ina tsaye, ban ma iya bin saurin yatsunsa ba.

"Je ka kai rijiya ka dawo," in ji shi.

Na je na dawo. Ni dai ban ji komai ba sai kukan inji. Shi kuwa ya karkata kai ya ce notin ya yi tsauri, silifa yana son wurin numfashi. Ya sassauta shi rabin juyi.

Na daɗe ina kallon hannayen nan kafin in iya yin godiya. Ya ce in hanzarta, mata suna jirana a rumfar awo tun hantsi.

Silifan nan ya yi damina biyu a jikin mashin, kwalba ko ɗaya ba ta ƙara fashewa ba. Da aka yi mini canjin wurin aiki, na nuna wa wanda ya gaje ni, na roƙe shi kada ya taɓa notin.