Madam Susan da Kalmar da Ta Ƙi Sake Bugawa

Ƙarfe bakwai saura kwata, kafin masu shayin bakin tasha su gama hura wuta, za ka ga Madam Susan Japheth ta ɓullo daga layinsu, jaka a kafaɗa. A kafaɗa fa, ba a ka ba, don ita 'yar Gbagyi ce, kuma har gobe ba ta yarda a ɗora wa kai kaya ba. Takan buɗe ofis, ta share shi da kanta, ta yaye zanen da take rufe tsohuwar tafireta da shi, ta kaɗe ta. Kwamfuta na nan a gefe, amma duk wanda ya san wutar Birnin Gwari ya san dalilin da ya sa ba a yi wa tafiretar nan ritaya ba. Sai ta zuba kunun zaƙi a murfin fulas, ta sa tabarau, ta ce wa duk wanda ya riga shigowa, "To, wa muke rubuta wa yau?"

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan tambayar. Ita ce mai buga takardu a ofishin wata ƙungiya mai zaman kanta da ke da ƙananan asibitoci biyar a ƙauyukan yankin nan, hedikwatarta kuma tana Kaduna. Ba ta taɓa yi wa kowa allura ba, ba ta karɓi haihuwa ba. Amma babu ma'aikacin da ya shiga ko ya fita ba tare da sunansa ya bi ta ƙarƙashin yatsunta ba. Tana da faɗa, kada a ɓoye. In ka kawo mata wasiƙa da kuskure, ko kai ne likita, sai ta miƙo maka abarka ta ce ka je ka yi tunani tukuna. Shugabannin ofis bakwai ta gani, duk sai da ta gyara musu Turanci.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kanta kalma ɗaya ce, kuma ita ta fara buga ta.

Shekaru ashirin da suka wuce, ƙungiyar ta ɗauki masu gadi da masu shara da masu ɗebo ruwa a asibitocin ƙauye. Aka turo umarni daga Kaduna a yi musu katin shaida, da wata kalmar Turanci da ke nufin mai aiki don Allah, ba don albashi ba. Madam Susan ta ga mutanen ƙauye ba za su gane ba, sai ta mayar da ita Hausa da kyakkyawar niyya. Ta buga da manyan baƙaƙe: ƊAN SA KAI. A lokacin kalmar yabo ce. Masu katin har nuna shi suke yi a kasuwa, ana ba su ɗan alawus a ƙarshen wata, kowa ya ce Allah ya sa albarka.

Sai daji ya canza. 'Yan bindiga suka cika shi, samarin ƙauyuka suka ɗauki bindigogin toka suna kare kansu, aka riƙa kiransu 'yan sa kai. Kalmar da ake alfahari da ita ta koma abin da ake kashe mutum a kansa.

Malam Labaran, maigadin asibitin da ke kusa da Dogon Dawa, shi ya zo mata da labarin. Da rana tsaka aka tare motarsu a hanyar Funtuwa, aka sauke kowa, ana lalube aljihu ana tambayar wane ne ɗan sa kai. Katin na aljihun gabansa. Allah ya ba shi sa'a ya zare shi lokacin da aka ce kowa ya durƙusa, ya tura shi cikin takalminsa na roba. Awa biyu yana take da shi, gumi na zuba, har mutanen suka kwashe abin da za su kwasa suka shige daji. Washegari ya shigo ofis, ya cire takalmi, ya ajiye katin a kan teburinta.

"Maman Blessing," ya ce, "takardar nan taki ta so ta kashe ni jiya. Ni da ko gwafa ban riƙe ba sai tocila."

Waɗanda ke ofis ran nan sun ce ba su taɓa ganin Madam Susan tana hawaye ba sai ranar. Ta yi kuka, ta ba shi haƙuri. Ta rubuta wa Kaduna a canza kalmar, aka ce ana dubawa. Ta sake rubutawa, aka sake cewa ana dubawa. Labaran dai ya ci gaba da yawo da katinsa a cikin takalmi, sauran ma suka koyi dabarar.

Ana nan sai rediyo ta kawo labarin sabon mafi ƙarancin albashi, naira dubu saba'in, jiha ma ta ɗan ɗora a kai. Ƙauyuka suka ɗauki murna. Ruƙayyatu, mai sharar asibitin Tabanni, har ta yi wa 'yarta alkawarin mayar da ita makaranta. Wata ya ƙare, masu shara da masu gadin ƙungiyar da ke cikin birnin Kaduna suka ga ƙari, na ƙauye shiru. Da aka tambaya, amsar ta zo gajera: doka ta ma'aikata ce, su kuwa na ƙauye 'yan sa kai ne, ga shi nan a katinsu. Tsintsiya iri ɗaya, jini da amai iri ɗaya ake wankewa, mudun masara ma bai san birni da ƙauye ba, amma kalma ɗaya ta raba su. Wannan abu ya ci wa Madam Susan rai ƙwarai, domin ta san hannun da ya buga ta.

Saura wata shida ta yi ritaya Malam Sadisu, shugaban ofis na yanzu, ya kawo mata sunaye talatin da ɗaya a sabunta musu kati. Yaron kirki ne, sa'an ɗanta, ba shi da mugunta, tsoron Kaduna ne kawai ya yi masa yawa.

"Mama, ga su nan, kamar kullum."

Ta duba takardar, ta cire tabarau. "Yallaɓai, wannan kam ba zan buga ba."

"Haba Mama! Umarni ne daga sama fa."

"Na sani. Na buga sau ɗaya, ya kusa cin ran mutum. Yanzu kuma yana cin abincin 'ya'yansa. Ka nemi wani ya buga."

Sadisu ya rufe ƙofa, ya sassauta murya. "Mama, ki yi wa Allah. Ƙin bin umarni kora ce, kin fi ni sani. Wata shida ya rage miki. In suka sallame ki yanzu, garatutinki na shekara talatin fa?"

"Ɗana, na san wannan dokar. Ni na buga ta."

Ba da wasa Sadisu yake ba. Mijinta ya rasu, ɗakin da take ginawa a Saminaka ko rufi ba a yi masa ba, kuma da wannan kuɗin sallamar take sa ran ƙarasa shi. 'Yarta Blessing ta kira daga Zariya tana roƙonta ta buga kawai ta huta. Madam Susan ta ce ta ji, ta kashe waya, ta shiga ɗakin ajiyar fayil.

A nan ne halinta na ƙin zubar da takarda ya yi rana. Tun zamanin takardar kabon, duk abin da ta buga sai ta ajiye kwafi, ana ta yi mata dariya ana cewa ɓeraye take kiwo. Kwana tara tana tono. Ba takardun yabo take nema ba. Takardun tuhuma take nema, waɗanda ma'aikata ke kira kwiri, irin wadda ake ba mutum in ya makara ko ya yi fashi. Ta samo na Labaran guda huɗu, ɗaya ma don ya je jana'izar ƙaninsa bai nemi izini ba. Ta samo na Ruƙayyatu. Kusan kowa a cikin talatin da ɗayan nan yana da tasa, kowace da hatimi da sa hannu, kowace tana cewa in ya sake za a kore shi daga aiki.

Ta cika jakar Gana-mas-go, ta saɓa a kafaɗa, ta hau mota zuwa Kaduna da kuɗin aljihunta, ranar da kwamitin ƙungiyar ke zama. Sadisu, Allah ya saka masa, ya ce ba zai bar ta ta tafi ita kaɗai ba, kuma daga bakinsa muka ji yadda aka yi. Ta zazzage takardun a kan teburin manya, ta fuskanci shugaban kwamitin, wani dattijon likita.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya na zo da ita, ni ba lauya ba ce. Wanda ya zo taimako don Allah, ana ba shi kwiri don ya makara?"

Ta ɗaga ɗaya daga cikin takardun, ta ci gaba.

"Ga shi nan an rubuta za a kore shi daga aiki. Wane aiki, in ba ma'aikaci ba ne? Ko dai ku janye takardun nan ku ba su haƙuri, ko ku biya su abin da doka ta ce. Ni na buga katin, ni na buga kwirin. Guda ɗaya a cikinsu ƙarya ne, kuma na gaji da ɗaukarsa."

Dattijon ya ɗauki takardar jana'izar nan ya karanta har ƙasa. Da ya ɗago sai ya ce, "Madam, shekara nawa kika ce mutumin nan ya yi yana gadi?" Ta ce ashirin. Ya ce, "Kunya ta kama mu."

Ba a ranar aka gama ba, kada mu yi wa labari ado. An kai wata uku ana kai da komo. An fara biyan mutum ashirin da uku sabon albashin, takwas na jiran sabuwar shekara, kuma Madam Susan ta bar wa Sadisu sunayensu manne a bango inda ba zai iya kauce musu ba. Amma an soke kalmar, kuma ba wanda ya taɓa garatutinta.

Ke ce, Maman Blessing, kika nuna mana cewa dokar albashi ba ta isa ƙauye da ƙafarta, sai wani ya saɓa ta a kafaɗa ya kai ta. Ke ce kika yi kuskure da kyakkyawar zuciya, kika ƙi cewa ai umarni aka ba ki. Da yawanmu da mun buga katin nan mun karɓi sallamarmu, mu ce Allah ya kyauta. Mai tafireta, mai gyara wa manya Turanci, yau kin gyara musu abin da ya fi Turanci.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi mata walimar sallama a harabar ofis. Fasto ya yi addu'a, liman ya yi, aka ci shinkafa. Ruƙayyatu ta zo da 'yarta cikin kayan makaranta. Can sai ga Labaran ya sauko daga kan babur, riƙe da zakara, da sabon kati rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Shi ne kati na ƙarshe da ta buga.

"Maman Blessing, ni ban yi boko ba. Yara sun karanta mini, amma na fi so in ji daga bakinki. Me kika sa a nan?"

Ta sa tabarau, ta kama katin, ta karanta masa. "Labaran Audi. Ma'aikaci."

"Sake faɗa."

Ta sake faɗa.

Mun gode, Madam Susan. Allah ya rufa miki asiri, ya sa ki kwana a ɗakin Saminaka kafin damina. Ku kuma da ke zaune a bayan tebura, a birni ko a ƙauye, kafin ku buga kalma a kan sunan mutum, ku tuna akwai wanda zai yi yawo da ita. Labaran ya yi shekara huɗu yana take tasa a cikin takalmi. Ran nan a ƙirji ya koma da ita Dogon Dawa.