Ruwan Tumbin Ɓauna da Kunun Gwaggo

Mun tashi da asuba daga Levenshulme, unguwarmu a Manchester, garin ko motsi bai fara ba, sai wata motar burodi da ke sauke kaya a Stockport Road. Mu biyu ne, ni da wani abokina injiniya da ya ɗauki hutu ya kai ni a motarsa. Tun kafin mu fita unguwa ya gindaya sharaɗi: in kayana suka zube masa a but ɗin motar, ni zan wanke.

Ga abin da ya fitar da ni. Karatuna a kan abincin shanu ne, irin wanda muke zubarwa a gida: ɓawon rogo, kowar wake, 'ya'yan gawo. Mahaifina yana kiwo, kuma duk rani sai dusa ta gagare shi. Don in gane wanda dabba za ta iya narkarwa, nakan niƙa su in zuba a kwalabe, in haɗa da ruwan tumbin dabbar da aka yanka yanzun nan. Ƙananan halittun da ke cikin ruwan su ne masu aikin, kuma ba sa son sanyi, ba sa son iska, ba sa son jira. Na saniya ana samunsa kowane mako. Na ɓauna kuwa, irin ta gida da ake tatsa, wata biyar na yi ina jira kafin wata mayanka a bayan Birmingham ta kira ni. In na rasa na ranar, babin ƙarshe na digirina ya tafi, don wa'adina zai ƙare kafin a sake yanka wata.

Hanyar M6 shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ba shinge, amma manyan motoci sun yi ta fesa mana ruwa. Tumaki ne birjik a filaye, ba makiyayi ko ɗaya. A mayankar muka tarar da manomin da ya kawo ɓaunar, wani dattijo mai jan kunci. Ya ce da ragowar burodi da ɓawon dankali da karas ɗin da kantuna suka ƙi yake haɗa wa dabbobinsa. Na ce a raina, ashe ba mu kaɗai ke lalube ba. Na tace ruwan da ɗuminsa, na cika flas biyu iri ɗaya, na saniya da na ɓauna, na manna wa kowanne 'yar takarda a murfi. Warin kuwa, abokina tun daga bakin ƙofa ya juya.

Kuskurena ɗaya ne: na gaya wa gwaggona da ke Small Heath cewa zan shigo gari. Wa ya isa ya ratsa Birmingham bai gaishe ta ba? Na ce minti goma. Muka kutsa cikin layukan nan masu gidaje manne da juna, ga masallatai, ga shagunan nama, wurin ajiye mota sai da muka zaga sau uku. Don kada jakar flas ɗin ta huce a mota, na shiga da ita na jingine ta kusa da hita a kicin.

Gaisuwa kawai ta cinye minti goman. Sai ga masa da miyar taushe. Na ce sauri muke, ta ce, "Saurin me? Jami'ar guduwa za ta yi?" Abokina da ya rantse ba zai iya cin komai ba bayan warin nan, shi ya fara naɗe hannun riga. Azahar ta yi, muka yi sallah a falo. Da muka fito Gwaggo da kanta ta miƙo mini jakar a zuge, na jefa a but muka kama hanya.

Mun yi nisa a babbar hanya wayata ta yi ƙara. Gwaggo ce.

"Ɗan nan, wane irin shayi kake yawo da shi? Ya ruɓe, har kicin ɗina ya ɗauka. Na zubar, na wanke maka flas ɗin, na zuba kunun gyaɗa. Ai ba ka bar gidana da flas ba komai ba."

Na ce, "Gwaggo, wanne daga ciki?"

"Ina na sani? Duk kamarsu ɗaya. Ɗayan ka ɗaure shi tamau, na yi na yi ya ƙi buɗuwa."

Ba a tsayawa a gefen wannan hanya sai mota ta lalace, kuma wurin hutawa na gaba yana da sauran tafiya. Haushi ya cika ni, amma wa zan ji wa? Ita abin da uwa ke yi ta yi. Ni ne ban buɗe baki na ce mata ga abin da ke ciki ba, don kunyar a ce ɗan da aka turo karatu Ingila ruwan tumbi yake ɗauka. Abokina yana ta danne dariya, ni ina ta salati.

Muna shiga wurin hutawar na dira tun motar ba ta gama tsayawa ba. Flas ɗaya fes, sai ƙanshin sabulu, takardarsa ta bi ruwa. Na juyo ɗayan. Takardar na nan, da rubutuna: ɓauna. Zama na yi a bakin but ɗin ina ta hamdala, ruwan sama na dukana ban ma ji ba. Abokina ya leƙa cikin wurin hutawar ya ga farashin kofin shayi, ya dawo ya buɗe kunun. Ya ce Gwaggo ta iya wanki. Kofi biyu ya sha, ni dai na kasa.

Kafin la'asar muna Manchester. Ya ajiye ni a lab, ɗakin gwajinmu, na zuba ruwan a kwalabe, na ja kujera na zuba musu ido. Can sai ƙananan kumfa suka fara tasowa, kwalbar ɓawon rogo ce ma ta riga sauran. Halittun suna raye. Na saniya kuwa na samo shi mako na gaba a kusa da mu.

Da na koma masaukina na kira Gwaggo na faɗa mata gaskiya. Ta ce da ta sani da safar hannu za ta sa, kuma kada in sake shigo mata kicin da ƙazanta.

Tafiyar nan ta koya mini cewa ɓoye sana'arka ga naka ba kunya ba ce, wauta ce. Yanzu kowane flas nawa yana da rubutu da manyan baƙaƙe, da Hausa, duk da ba mai jin ta a lab ɗin sai ni: Gwaggo, kada a wanke.