Tarihin Dakta Pyo Dal-su, Likitan da Ya Gwada Jinin Mahaifiyarsa

Haihuwa da asali

An haifi Dakta Pyo Dal-su ranar sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1938, a wani ƙauyen manoman shinkafa da ke gaɓar kogin Seomjin, cikin gundumar Hadong a kudancin Koriya. Mahaifinsa, Pyo Man-gi, ya rasu Dal-su yana ɗan shekara shida, saboda haka mahaifiyarsa, Yeo Bun-i, ita ta riƙe gida da 'ya'yanta maza biyu, Dal-ho babba da Dal-su ƙarami. Mace ce mai kaifin harshe da taurin zuciya, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, kuma ba a taɓa kayar da ita a gardama ba. Tun yana ƙarami aka shaidi Dal-su da rashin zama wuri ɗaya. Ita kanta uwar cewa take yi yaron nan ya ci ƙafar kare, don ko shinkafarsa a tsaye yake ci.

Karatu

Ya shiga firamare a shekarar 1945, yaƙin Koriya ya katse masa karatu a 1950, kuma bayan an ajiye makamai yayansa Dal-ho ya haƙura da makaranta ya rungumi gona domin ƙanen ya ci gaba. A shekarar 1957 Dal-su ya sami gurbin karatun likita a birnin Busan. Shekara guda bayan haka Dal-ho ya auri Chu Mal-sun, 'yar masunta, mai yawan dariya da tsokana, wadda ta riƙa aika wa ƙanen mijinta tulun kimchi, wato jiƙaƙƙen kabeji mai tsami da yaji, duk farkon sanyi, tana kiransa Likita tun bai san yadda ake riƙe allura ba. Dal-su ya kammala a 1963, ya yi hidimar soja ta shekara uku, sannan ya kama aiki a sashen cututtukan ciki na wani babban asibiti a Busan.

Aure da 'ya'ya

A watan Nuwamba na 1967 ya auri Seol Jeong-im, malamar makaranta, suka sami 'ya'ya uku cikin shekara bakwai. Ita ce ta taɓa cewa ta auri mutumin da ta fi sanin ƙeyarsa a kan fuskarsa, domin kullum fita yake yi.

Rasuwar yayansa

A daminar 1974 idanun Dal-ho suka yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, kuma kafin girbi sankarar hanta ta yi ajalinsa yana da shekara arba'in da ɗaya. A wancan zamani jama'a sun ɗauka ciwon hanta daga zagaya kofin giya ɗaya yake zuwa, ko daga tsoma cokula cikin tukunyar miya ɗaya. Ita Bun-i ba ta tsaya a nan ba. Tun kafin a ɗauke tabarmin makoki ta yanke hukunci cewa surukarta farar ƙafa ce da ita, ita ta cinye mata ɗa. Mal-sun ba ta bar gidan ba, domin matar babban ɗa ba ta barin uwar miji. Ta ci gaba da noma, da girki, da renon 'ya'yanta mata biyu, ana kiranta "waccan", kuma aka haramta mata taɓa kwanonin abincin da ake jerawa ranar tunawa da mijinta.

Bincike

A shekarar 1975 gwajin da ke nuna ƙwayar cutar hanta a jini ya iso asibitinsa. Dal-su ya fara da jinin kansa, ya tarar yana ɗauke da ita. Daga nan ya bi majinyatansa gida-gida yana ɗibar jinin iyalansu, kuma abin da ya riƙa gani ya hana shi sukuni. Abokan shan giya sau da yawa lafiyarsu ƙalau, amma kusan duk gidan da 'yan'uwa suka kamu, uwar na ɗauke da ƙwayar, ta ba su ita ranar haihuwa ba da saninta ba.

A bikin girbi na Chuseok na 1976 ya je ƙauye da jakarsa, ya ce zai duba wa kowa ƙarancin jini. Sakamako ya fito bayan mako guda. Mahaifiyarsa na ɗauke da ƙwayar, Mal-sun kuwa ba ta ɗauke da ita. Ya koma ƙauyen, ya iske Mal-sun a bakin rijiya tana wanke kabeji, ya faɗa mata yana kai da komo kamar wanda ya taka garwashi.

Ta tsame hannu daga ruwa, ta ce, "Ka ce ba ni ba ce?"

"Ba ke ba ce, Yaya. Daga Inna ne. Ni ma ina da ita."

"To ga ta can a ɗaki. Shiga ka faɗa mata mana."

"In ce mata me? Ita ta kashe ɗanta? Ki bari a gama girbi tukuna, na yi miki alkawari."

Mal-sun ta mayar da hannu cikin kabeji. "To, Likita. A gama girbi."

Shekarun yawo

Daga 1977 zuwa 1992 babu wanda zai ce ga inda Dakta Pyo ya yi mako biyu a jere. Ya bi ɗakunan haihuwa na Busan da Masan da Jinju, ya shiga jiragen masunta zuwa tsibirai, ya lallashi ungozomomi su bar shi ya ɗebi jinin mai jego da na jariri, har ya tara bayanan uwa da ɗa sama da dubu huɗu. Da allurar riga-kafi ta samu, ya dage cewa a gwada kowace mai ciki, a kuma yi wa jaririn uwar da ke ɗauke da ƙwayar allura tun ranar da ya faɗo duniya. Ya yi faɗa da kamfanonin da ke korar ma'aikata saboda sakamakon jininsu, ya gabatar da maƙalu a Seoul da Tokyo, kuma yara masu yawa da ke yawo da lafiyayyar hanta a kudancin ƙasar ba su ma san sunansa ba.

Abu ɗaya ne ya ƙi. Shi da ya saya wa mahaifiyarsa talabijin da kuɗinsa, bai taɓa yarda ya bayyana a cikinta ba, haka rediyo. Abokan aiki suka ɗauka tawali'u ne, alhali tsoro ne zalla. Mutumin da ya faɗa wa ƙasa guda gaskiya ya kasa faɗa wa tsohuwa ɗaya, kuma ya san hakan sarai, shi ya sa ya gwammace hanya a kan zaman gida.

Duk bikin Chuseok yakan je ƙauye da safe ya juyo kafin la'asar. Mal-sun takan biyo shi har bakin mota da ƙunshin barkono.

"Likita, bana wane girbi muke jira?"

"Yaya, jininta ya hau. Ki bari ta ɗan warware."

"Ta warware? Tsohuwar da ta jefe ni da ludayi jiya daga wancan bango? Kai dai hau motarka, kada ta tafi ta bar ka."

Da dariya take faɗa, kuma dariyar ta fi zagi yi masa ciwo. Ita kanta tana iya faɗa wa tsohuwar, amma ta san maganar "waccan" ba za ta shiga kunne ba, sai ta likita.

A watan Yuni na 1993 Mal-sun ta yanke jiki ta faɗi a gona, ta rasu tana da shekara hamsin da shida. Bun-i ta hana a binne ta kusa da mijinta a tudun iyali, inda ake binne 'yan gidan, ta ce ta cinye shi da rai, ba za ta kwanta gefensa a mace ba. Aka kai ta maƙabartar gunduma. Dal-su ya halarta, ya tsaya a baya, ya tafi kafin a zuba abinci.

Rashin lafiya

Wanzami ba ya son jarfa. Shi da ya wajabta wa masu ɗauke da ƙwayar duba hanta duk wata shida, ya shekara huɗu bai duba tasa ba. A watan Oktoba na 1995 aka gano sankara ta riga ta yi nisa. Bun-i ta hau bas ta zo Busan, ta shiga ɗakin jinya da sandarta da hantsi, ta dubi ɗanta, sannan ta juya ta ƙare wa matarsa Jeong-im kallo daga sama har ƙasa.

"Ashe su biyu ne masu farar ƙafar," in ji ta.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dal-su ya yunƙura ya zauna.

"Inna, zauna ki ji. Babu ruwan Jeong-im, kuma babu ruwan Yaya Mal-sun. Ciwon nan a jininki yake. Ranar da kika haife mu muka ɗauka, ni da Yaya Dal-ho. Ke ma haka kika ɗauka wajen taki uwar. Ba laifinki ba ne, ba ki sani ba."

Tsohuwa ba ta zauna ba, ba ta kuma yi kukan da ya shekara da shekaru yana gudu ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da na ɗebi jininku a gida."

Ta ƙirga da yatsu a kan sandarta. "Shekara goma sha tara. Ita ta sani?"

"Ta sani."

"Ta sani, tana dafa mini abinci, ina zaginta? Kai Dal-su! Ka ce ban sani ba, to kai fa? Ka bar ni ina cin mutuncin 'yar mutane shekara goma sha bakwai har ta mutu, don kada in yi kuka? Wa ya ce maka ban iya kuka ba?"

Ta juya wajen Jeong-im, ta sunkuyar da kai, abin da ba a taɓa ganin ta yi wa na ƙasa da ita ba, ta fita ta kama bas ɗin azahar.

Rasuwa da jana'iza

Dakta Pyo Dal-su ya rasu ranar uku ga watan Afrilu na 1996, yana da shekara hamsin da takwas. A rana ta uku aka kai gawarsa tudun iyali a Hadong, inda abokan aikinsa suka yi mamakin ganin an haƙa kabari biyu, ɗaya nasa, ɗaya a gefen yayansa. Bisa umarnin Bun-i an tono ƙasusuwan Chu Mal-sun daga maƙabartar gunduma, aka hawo da su cikin ƙaramin akwati a bayan babban. Jama'a suka bi akwatin likita. Tsohuwa ita kaɗai da jikokinta mata biyu suka bi ƙaramin, tana dogara sanda, tana kiran sunan Mal-sun da ƙarfi har aka kai bakin rami.

Ya bar matarsa, Seol Jeong-im, da 'ya'ya uku: In-gyu, injiniyan jiragen ruwa a Ulsan; In-suk, malamar makaranta a Busan; da auta In-hye, ungozoma a Jinju. Babu ko ɗayansu da ke ɗauke da ƙwayar. Ya kuma bar mahaifiyarsa, Yeo Bun-i, mai shekara tamanin da ɗaya, wadda ta ƙara shekara shida a duniya tana hawa tudun nan duk bikin Chuseok. Kabarin surukarta take fara sharewa, sannan na ɗanta babba, na likita kuwa sai a ƙarshe.