Mai Koyar da Tarihin Yukiren a Setapak

Tajuddeen Badamasi ɗan Gumel ne. Likitanci aka tura shi karantawa a Kharkiv, wani birni a ƙasar Yukiren, amma bai yi nisa ba ya watsar, ya koma sashen tarihi, abin da mahaifinsa bai yafe masa ba har ya koma ga Allah. Wani dattijo, Farfesa Mikola, shi ya ja shi a jiki. Ya koya masa harshen ƙasar, ya riƙa zagawa da shi ƙauyuka suna jin bakin tsofaffin da suka ga yunwar da ta lashe miliyoyi a zamanin Sobiyet. A kanta ya yi digirinsa na uku.

Da ya dawo gida, babu jami'ar da ta san inda za ta sa shi. Daga ƙarshe wata kwalejin kuɗi a Setapak, wata unguwa can a wata ƙasa ta gabas mai nisa, ta ɗauke shi, ya tare da matarsa Hussaina a wani ƙaramin gida saman kedai, wato kanti. Ajinsa bai taɓa cika benci biyu ba.

Sai yaƙi ya ɓarke a Yukiren. Nan da nan aji ya cika maƙil, har da masu tsayuwa a taga. Ya shirya ba su labarin ƙasar tun daga tushe, su kuwa abu ɗaya suke tambaya: wa zai yi nasara?

Ya yi ta roƙon Mikola a waya ya bar Kharkiv. Tsohon ya ƙi.

"Na tsufa da zama baƙo, Tajuddeen," in ji shi. "Kai dai ka ci gaba da koyarwa."

Da sanyi ya shigo, wuta ta ɗauke a unguwar su Mikola kwana da kwanaki. Maƙwabciya ce ta tarar da gawarsa a kujera, sanye da riguna a kan riguna. Saƙon ya iske Tajuddeen yana shan shayi a mamak, wato shagon masu shayi, ana sheƙa ruwan sama. Ya tashi ya shiga aji, ya koyar kamar kullum, bai gaya wa kowa ba.

Kafin shekara ta zagayo ɗalibai sun gaji da yaƙin. Shugaban sashe ya kira shi, ya ba shi haƙuri, ya ce an rufe kwas ɗin.

Yanzu dabarun rubuta bincike yake koya wa 'yan ajin farko. Hussaina ta ce su koma Gumel. Ya ce to, bari zangon karatu ya ƙare. Zanguna sun yi ta ƙarewa, ita ma ta daina tambaya.