Ranar da 'Yar Fadama ta Koma Ba Adda

Ranar Litinin ce, ranar komawa makaranta, cikin watan Satumba na shekarar da na shiga aji uku na firamare. Gari bai gama wayewa ba muka fito ni da yayata Dije, wadda muke kira Adda. Tana sanye da kayan makarantarta masu ruwan bula, hijabinta fari ƙal ya sha guga, takalmanta a hannu don kada taɓo ya ɓata su. Ni kuma ina rungume da jakarta, don a lokacin ba abin da ke fasa mini kai irin a ce ni na raka Adda mota. Muna wuce kukar da ke ƙarshen gari sai muka tarar hanya ta ƙare. Inda muka saba taka jar ƙasa, wawakeken giɓi ne, ruwa jajir yana kwarara ta cikinsa da ƙugi kamar injin niƙa. Can a wancan tsallaken ga motarmu a tsaye, fitilunta a kunne. Direban, Malam Bukar, ya sauko ya zo bakin ruwan ya riƙe ƙugu. Da ya hango Adda sai ya ɗaga murya, "Dije, yau sai haƙuri! Ki gaida mini Baffanki, ki ce na ga aiki!" Ya koma ya yi ta baya-baya da motar, don babu wajen juyawa, har ta ɓace a cikin dogayen ciyayin kachalla. Adda ba ta yi kuka ba. Ta dai tsaya har rana ta ɗaga, sannan ta karɓi jakarta ta ce mu tafi gida.

Wannan mota ita ce 'Yar Fadama. Doguwar bas ce mai ruwan ɗorawa, wadda wasu 'yan kasuwar cikin Hadejia suka haɗa hannu suka sayo tun kafin a yaye ni. Takan taso daga Auyo da asuba, ta bar kwalta ta gangaro hanyar burjin da aka ɗaga ta ratsa fadama, ta bi ƙananan garuruwan da ke kan tudu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a garinmu, Kukar Jauro, sannan ta sake hawa kwalta ta shiga Hadejia ta sauke mutane kusa da kasuwar kifi. Bayan azahar ta biyo sawunta. Kafin zuwanta, duk mai son shiga gari sai ya taka sayyadarsa ko ya hau kwale-kwale, shi ya sa Innarmu kan ce, "Da can Hadejia nesa take, motar nan ce ta jawo ta kusa." Cikinta kuwa kasuwa ce guda: ƙoran nonon su Inna an rufe da faifai, kwandunan bandar kifi masu sa mutanen gari toshe hanci, kaji a ƙarƙashin kujera, wani lokaci har da akuya a kan cinya. Ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Hon ɗinta kamar kukan tsohon jaki, amma mu a kunnenmu ba kiɗan da ya kai shi.

Masu motar suna da wata doka guda mai kyau, ba zan ɓoye ba: duk yaron da ke sanye da kayan makaranta ba a karɓar masa komai. Albarkacin wannan doka Adda ta zama mace ta farko a Kukar Jauro da ta shiga sakandaren jeka-ka-dawo a cikin Hadejia. Mu mutanen shanu ne asali, kakanmu ne ya gaji da yawo ya kafa bukka a gindin kukar nan, kuma har a lokacin akwai tsofaffin da ke ganin boko ɓata lokacin tatsa ne. Baffanmu, wato mahaifinmu, bai saurare su ba. Shi da kansa ya sayar da ɗan maraƙi ya ɗinka mata kaya. Adda kuwa kai gare ta kamar me. Tana tatsa tana bitar karatu, tana wanke-wanke tana rera sunayen ƙasusuwan jikin mutum, har Inna ta ce ta daina kira mana su a kan abinci. Burinta ɗaya ne, ta zama ungozoma ta asibiti, don ta taɓa ganin an ɗauki wata maƙwabciyarmu mai naƙuda a amalanken shanu, ba a dawo da ita da rai ba. Kowace yamma ni ke hura mata gawayin dutsen guga, ita kuma ta biya ni da labarin gari.

Mu yara ma motar ta shiga wasanmu. In mun dawo daga korar tsuntsayen jan-baki a gonar shinkafa, maƙogwaro ya bushe don ihu da kaɗa gwangwani, sai mu kifa turmi a tsakar gida, mu jera a bayansa a kan tabarma. Wanda ya fi ƙarfi shi ne Malam Bukar, murfin tukunya ne sitiyarinsa. Ni kullum Adda nake zama, in yafa tsumman Inna a matsayin hijabi, in ɗaga hanci, in ƙi kula kowa. Carafke da 'yar gala-gala duk sai da suka yi kwantai a gidanmu saboda wasan mota.

Sai dai hanyar da ta kawo mana motar ita ce kuma ta tare mana ruwa. Kafin a ɗaga ta, in kogi ya cika yakan malalo ta gonakinmu ya wuce abinsa zuwa kwarin kachalla. Masu aikin hanyar suka binne wani ɗan bututu guda a ƙarƙashi suka ce ya isa. Ai kuwa shekara kaɗan taɓo da saiwar kachalla suka toshe shi. Dattawan gari suka yi ta zarya zuwa Hadejia suna roƙon a sa musu kwalbati, kullum a ce su dawo. A damunar da nake ba da labari, ruwa ya zo da ƙarfin da ba a saba gani ba. Maza suka yi ta gayya suna ɗaga jinga da buhunan ƙasa, ruwa na bin su a baya. Shinkafa ta ɗauki ciki, saura ƙiris ta fidda kai, ga ruwa ya kai mata wuya, hanya kuma ta tsaya masa a gaba kamar bango.

A ƙasarmu, in ruwa ya tsaya a kan amfanin gona, fasa masa hanya ake yi. Haka aka gada. Ko jingar waye, ko turbar waye, a sare ta ruwa ya wuce, in ya janye a taru a cike. Ranar Lahadi bayan la'asar maza suka taru a gindin kuka suka yanke shawara, kuma Baffa ne ya fara ɗaga diga, don gonarmu ce ta fi kusa da hanyar. Ina tsaye a bayan Adda lokacin da ta tare shi a ƙofar gida, abin da ba ta taɓa yi ba. Kanta a ƙasa ta ce, "Baffa, gobe fa ake komawa, kuma bana ce shekarar ƙarshe." Ya ce, "Ɗan tsagi ne kawai, Dije, kamu biyu. Mu ɗora katako ki tsallaka, motar ta jira ki a can. Bari ruwa ya janye mu cike." Ya faɗa da zuciya ɗaya, na tabbata. Abin da ya manta shi ne ruwa ba ya tsayawa inda diga ta tsaya. Kafin safiya ya cinye kamu biyun nan, ya tafi da katakon, ya buɗe giɓin da ko raƙumi ba zai ƙetara ba. Adda ta ji ƙugin tun daga ɗaki, amma duk da haka ta sa kayanta.

Shinkafa ta tsira. Ba a taɓa yin irinta a Kukar Jauro ba. Da kaka aka yi ta yanka ana bugu, rumbuna suka cika, aka jera buhuna har a zaure, mutane suna ta sa wa Baffa albarka, ana cewa ba don shi ba da bana an ci ganye. Gaskiya ne kuma, shi ya sa abin ya fi ciwo, don ba wanda za ka kama ka ce shi ne mugu. Ni dai na lura duk ranar da aka dafa sabuwar shinkafar nan, Adda sai ta ce ta ƙoshi, ta dama fura ta sha.

Ruwa bai janye ba sai da zangon karatu ya yi nisa. A tsakanin nan Inna ta kawo shawarar a kai Adda gidan Goggonmu da ke aure a cikin Hadejia. Baffa ya ce gidan cike yake da samari, ba ya ajiye budurwa a gidan wani, a bari ruwa ya janye. Wannan magana na ji ta har ta gundure ni, kuma har gobe in wani ya faɗe ta a gabana sai raina ya ɓaci. Da ƙasa ta bushe, maza suka cika alkawari, suka yi gayya da kwanduna da amalanke suka cike giɓin, suka daddaɓe shi har ya fi da kyau. Muka share gindin kuka, muka zauna jiran hon. Shiru. Ashe tun ranar da hanya ta yanke 'Yar Fadama ta koma bin kwalta miƙe daga Auyo zuwa Hadejia, masu ita kuma sun ga hakan ya fi musu sauri, ya fi fasinja, ga shi motar ta huta da gyara. Da dattawa suka je biko, aka ce musu ba za a sake saka mota a hanyar da mutanenta ke sarewa da hannunsu ba. Garuruwan da ke bayanmu, waɗanda ba su ɗaga ko fartanya ba, su ma aka haɗa da su.

Baffa bai zauna ba, dole in faɗa. Ya riƙa goya Adda a kekensa tun duhun asuba zuwa bakin kwalta, tafiya mai nisa cikin yashi, rabi a hau rabi a tura. Amma kafin motar ta iso nan ta riga ta cika maƙil tun daga Auyo. Malam Bukar sai dai ya danna hon, ya ɗaga hannu, ya wuce. Ran da ta dace ta samu shiga, ta isa makaranta aka gaya mata an rufe rajistar jarrabawar ƙarshe tun tana bayan ruwa, sai dai ta maimaita aji baɗi. Baɗin ta zo, mota ba ta dawo ba, keken Baffa ya mutu, maganar gidan Goggo kuma ba ta sake tashi ba. Wata safiya na ga Adda ta warware kayan makarantar nan masu ruwan bula ta rage su daidai ni. Ta ce, "Ungo, ke ki sa." Na sa kuwa, ina ta murna, ban san abin da aka miƙo mini ba.

Lokacin da nawa ya zo, babura sun cika ƙasa, na yi sakandare, na wuce, yau ga ni malamar makaranta a cikin Hadejia. Ni da ban kai rabin Adda a kai ba. Baffa ya rasu, Allah ya jiƙansa, ina yi masa addu'a kullum, amma ƙarya nake in na ce babu sauran ɗaci a raina. 'Yar Fadama ma ta daɗe da mutuwa, na taɓa ganin gangar jikinta a bayan tasha, awaki na kwana a ciki.

Yanzu an shimfiɗa wa hanyarmu kwalta, kuma daidai inda Baffa ya sara an sa kwalbati, abin da bai fi aikin 'yan kwanaki ba. Ƙananan motoci na wucewa kowane lokaci, 'yan mata masu farin hijabi na tsayawa a wajen tururu, kuma sunan tashar Giɓi, ko da yake cikinsu ba wadda ta san dalili. Adda ta yi aurenta a garin, ta haifi 'ya'yanta, a nan bakin kwalbatin take suyar ƙosai da safe. A hutun da ya wuce na zauna kusa da ita ina taya ta ƙullawa a leda, sai ga wata yarinya, ba ma 'yarta ba, ta taho a guje daga cikin gari, takalmanta a hannu, mota kuma ta fara tafiya. Kafin in ankara Adda ta tashi ta shiga tsakiyar titi da matsami a hannu, ta tsaya a gaban motar. Direba ya taka birki yana faɗa, "Haba Iya, so kike ki ja mini bala'i?" Ta ce, "Ba inda za ka sai ta shiga." Ba ta matsa ba sai da yarinyar ta zauna aka rufe ƙofa. Da ta dawo ƙosan ya ƙone, ta kwashe ta zubar, ta zuba sabo a mai.

Shinkafar shekarar nan mun cinye ta kafin wata damina ta faɗi. Adda kuwa har yau tana bakin giɓin.